Awa Huɗu a Kowane Tsibiri

Kawu Barde na ɗinkin koma a bakin ruwan Dadin Kowa,
zare a haƙori, ya ce, "Manu,
wata tara kana kan ruwa, me ka kamo?"

Kawu, ni guga aka ɗauke ni,
can ƙasan jirgi inda babu taga,
daga ni sai tururi da rigunan mutanen
da ban san fuskarsu ba, sai faɗin wuyansu.
Jirgin ya fi unguwarmu yawan ɗakuna.
Na ta da kabbara ina duban gabas,
kafin na sallame, gabas ta koma bayan kunnena.
Teku kuwa, in ka kwana bakwai kana kallonta,
sai ka daina kiranta ruwa.

In an iso tsibiri, awa huɗu ake ba mu.
Masu kuɗi su sauka da huluna kamar faifai,
mu mu bi ta ƙaramar ƙofa.

Na farko, yashinsa garin tuwo ne da aka tankaɗe sau biyu.
Na tuɓe takalmi na tsaya,
ƙasa na ta lilo da ni,
ashe ƙafa ma tana manta gida.
Wani yaro ya haye bishiyar kwakwa babu igiya,
ya fasa mini ɗaya da adda, ya ƙi karɓar kuɗina,
ya nuna ƙunar dutsen guga a hannuna,
ya nuna tabon adda a nasa.

Na huɗu, ruwan sama ya hana mu sauka.
Na shida, yashi baƙi ƙirin, dutse na hayaƙi,
mutane na shanya a gindinsa ko a jikinsu.
Akwai wanda ban gani ba sam,
ranar an yi liyafa, rigar teburi ɗari uku.

Na tara ne ya kusa cinye ni.
Na bar bakin ruwa inda ake sayar da duwatsun wuya,
na bi wani lungu, sai na ji luguden turmi.
Kawu, turmi!
Mace biyu, taɓarya biyu, ɗaya na faɗuwa ɗaya na tashi,
irin na Dija da Goggo Adda ranar suna.
A bakin danga ga kuɓewa ta yi fure,
ga akuya ɗaure tana cin igiyarta.
Tsohuwa ta miƙo mini kofi, na kurɓa:
zoɓo ne, har da citta.
Na ce mata "zoɓo", ta faɗi nata sunan,
muka yi ta maimaitawa kamar masu ciniki,
babu wanda ya sallama.
Jirgi ya yi kuka sau biyu ban ji ba.
A na uku na ruga, takalmi ɗaya a hannu,
ɗayan yana can har yau,
wataƙila kaza na ƙwai kusa da shi.

Kawu ya tofar da zare.
"Kifinsu fa?"
Na ce akwai mai ruwan bula, akwai mai zanen atamfa,
ana kallonsu ne ta cikin gilashi.
Ya girgiza kai. "Kifin da ba a ci, ai tsuntsu ne."

Na ciro katantanwar da na ɓoye cikin safa,
na kara masa a kunne, na ce ga teku nan.
Ya rufe ido, ya daɗe.
Kwalekwalensa na bugun gaɓa a hankali,
rana na gangarawa ta wajen Gombe.
Ya ce, "Wannan hadari ne ya taso daga Deba,
je ka ce wa Dija ta kwashe shanya."

Na tashi na tafi.
Sai da na kai rabin hanya na duba sama,
babu gajimare ko na rantsuwa,
ƙasa kuma ta sake yin lilo da ni.